Na sayi gidan haya da kuɗin sallamata, daga ina zan fara?

"Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, na yi ritaya bara. Na haɗa kuɗin giratuti da na wani fili da na sayar, na sayi gida a Kano a kan Naira miliyan 28. Gidan ciki da falo huɗu ne, kowanne da banɗakinsa da kicin. Uku akwai mutane a ciki, kowa yana biyan dubu 250 a shekara, ɗaya babu kowa. An ba ni takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa, an kuma ba ni satifiket ɗin gidan, sai dai sunan mahaifin wanda ya sayar mini ne a jiki. Dillalin ya ce in sallami tsofaffin 'yan hayar, in yi fenti, in zuba sababbi da tsada. Ɗan yayata kuma zai yi aure, yana so in ba shi ɓangaren da babu kowa. Ban taɓa ba da haya ba. Me ya kamata in fara yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya alheri, Ya sa gidan ya zame miki abin dogaro, Ya ba ki 'yan haya masu mutunci.

Kin yi tambaya ɗaya, amma abubuwa huɗu na gani a cikinta: sunan da ke jikin satifiket, mutanen da kika tarar a gidan, shawarar dillali, da buƙatar ɗan yayarki. Na daɗe ina kula da gidajen mutane a Kano, ina karɓar haya, ina bin masu gyara, ina zaman sulhu a zauren masu unguwanni, kuma abin da na fi gani shi ne sabon mai gida yakan fara da fenti da ƙarin kuɗin haya, ya bar abin da zai iya raba shi da gidan ɗungurungum. A cikin wasiƙarki, jimlar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda kika faɗa a taƙaice kika wuce: sunan mahaifin mai sayarwa ne a jikin satifiket. Da ita zan fara, domin kafin a warware ta, cinikinki da saura.

Sunan da ke jikin satifiket

Tun 1978, da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum yake mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, kuma satifiket ɗin da ake kira C of O shi ne shaidar wannan haƙƙi, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 22 na dokar ya ce mai wannan haƙƙi ba zai miƙa shi ga wani ba, ko ta sayarwa ko ta jingina, sai da amincewar gwamna. Ke nan takardar cinikinki mai hatimin mai unguwa shaida ce mai ƙarfi cewa kin biya kuɗi an miƙa miki gida, amma a kundin gwamnati har yau gidan na wancan dattijon ne.

Tambayar farko: mahaifin yana raye ko ya rasu? Idan yana raye, shi ne zai sa hannu a takardar miƙa mallaka, ko kuma ɗan ya nuna takardar wakilci da uban ya ba shi. Idan ya rasu, to gidan gado kika saya, kuma a nan ne yawancin rigingimun gidaje a garin nan suke tsirowa. Sai ki nemi takardar rabon gado daga kotun da ta yi rabon, wadda ta nuna gidan ya faɗa a rabon wanda ya sayar miki. In ba a je kotu ba, a gida aka yi, to kowane magaji ya sa hannu cewa ya yarda an sayar kuma ya karɓi rabonsa. Na ce kowane, har matan mamacin, har 'ya'ya matan da suke aure a wasu garuruwa, har ƙananan yara ta hannun waliyyinsu. Su ne aka fi tsallakewa, su ne kuma suke dawowa.

Na taɓa kula da wani gida da mai shi ya saya daga hannun 'yan'uwa maza uku. Ya yi shekara huɗu yana karɓar haya lafiya, sai ga ƙanwarsu ta dawo daga Saudiyya ta ce ita ba ta san an sayar ba, ko sisi ba ta gani ba. Gaskiya ta faɗa. Yayyen sun riga sun cinye kuɗin, farashin gidan kuma ya ninka. Bayan watanni ana zirga-zirga, mutumin nan ya ƙara kuɗi daga aljihunsa aka sallame ta, domin ya tsira da gidan. Sa hannu ɗaya da ba a nema ba ranar ciniki ne ya jawo masa wannan. Shi ya sa nake cewa ki yi wannan aiki a makon nan, tun mai sayarwar yana ɗaga wayarki da fara'a. Bayan shekara guda, nemansa zai zama aiki.

Ki ɗauki lauya naki na kanki, kada ki yi amfani da wanda dillali ko mai sayarwa ya kawo. Ya je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, da ma'aikatar ƙasa ya duba fayil ɗin gidan: lambar da ke jikin satifiket ta dace da gidan da kika saya? An taɓa jinginar da shi a banki? Akwai bashin harajin ƙasa da ya taru? Ki kuma tabbatar ainihin satifiket ne a hannunki, domin idan kwafi ne, sai a tambayi inda na ainihin yake. Daga nan lauyan ya rubuta takardar miƙa mallaka, a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista da sunanki. Zai ci kuɗi, zai ci lokaci, zai kuma sa ki hawa da sauka. Duk da haka kin fi masu gida a unguwannin awon igiya sa'a, waɗanda ba su da komai sai takardar mai unguwa, su sai sun fara neman satifiket daga tushe. Ni ba lauya ba ne, kuma ban ga takardunki da idona ba, don haka maganar lauyan da ya riƙe su ita ce gaba da tawa a wannan fanni.

Mutanen da kika tarar a ciki

Sayar da gida ba ya rushe hayar da ke kansa. Haka yake a dokar ƙasa, haka kuma malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai. Wanda ya biya shekara yana da haƙƙin zama har shekararsa ta cika, ke kuma kin hau matsayin tsohon mai gidan da duk alƙawuran da ya ɗauka.

Ki sa rana, ki je da mai sayarwar da wani namiji babba daga danginki, a zauna da kowane ɗan haya shi kaɗai. Mai sayarwar ya faɗa da bakinsa, a gabansu, cewa daga yau ke ce mai gida, a kuma ba kowa wannan a rubuce. Sannan ki tambayi kowannensu yaushe ya shigo, yaushe kuɗinsa zai ƙare, ya nuna rasit na ƙarshe, ya faɗi ko akwai gyaran da ya yi da kuɗinsa aka ce za a cire masa a haya. A irin wannan zama ne ake jin abin da dillali bai faɗa ba. Sai ki ji wani ya biya shekara biyu gaba ɗaya wata uku kafin a sayar, wani kuma ana bin sa rabin shekara. Kuɗin watannin da suka biyo bayan ranar cinikinki haƙƙinki ne, mai sayarwar zai dawo miki da su, sai dai in kun yi sharaɗin barin su a cikin farashi. Bashin da ake bin wani tun kafin ki saya kuwa na mai sayarwar ne, kada ki ɗora wa kanki karɓo masa, za ki fara zama da mutum da faɗa a kan kuɗin da ba naki ba.

Yanzu ga shawarar dillali. Ba na zargin niyyarsa, amma ki san inda abincinsa yake. La'adarsa, wadda a al'ada take kai kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shekara, daga sabon ɗan haya take fitowa. Wanda ya sabunta zamansa ba ya kawo masa komai. Ke kuwa lissafinki daban ne. A ce kin fitar da mai biyan dubu 250 domin ki samu mai biyan dubu 350. Za ki yi fenti, ki gyara famfo da ƙofofi da tayil ɗin da ya fashe, ɓangaren ya zauna wata biyu ko uku babu kowa, sannan ki kawo mutumin da ba ki san halinsa ba. Ƙarin dubu 100 ɗin na shekarar farko ya tafi a gyara da zaman banza, wataƙila har da na shekara ta biyu. Ɗan hayar da yake biya a kan lokaci, ba ya faɗa da maƙwabta, yana share kwata, dukiya ne. Ki tambayi mai unguwa da limamin masallacin layin da mai shagon da ke kusa, cikin kwana biyu za ki san wane ne wane a cikin ukun nan.

Ban ce kada ki ƙara kuɗin haya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki Naira, komai na gini ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira dubu 10, kuma a Disambar shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Hayar da aka yanka kafin wannan lokaci ba za ta riƙe gida ba. Ki bincika abin da ake biya a gidaje uku ko huɗu irin naki a layin, ki sanar da mutanenki a rubuce aƙalla wata uku kafin kuɗinsu ya ƙare, ki yi ƙarin a hankali, sau biyu cikin shekara biyu idan tazarar tana da yawa. Su ma albashinsu bai bi farashin siminti ba. Kuma ƙarin da ya zo bayan sun ga an gyara rufin da ya shekara uku yana yoyo ya fi saurin karɓuwa.

Idan kuwa bincike ya nuna akwai wanda dole ya tashi, to akwai hanya, kuma ita kaɗai ce. A dokokin karɓar gida na yawancin jihohi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai haya shekara-shekara kuma wata shida. Idan wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi wani notis na kwana bakwai cewa mai gida zai je kotu, sannan a shigar da ƙara. Kotu ce take fitar da mutum, ta hannun ma'aikatanta. Cire kwano, ɓalle ƙofa, yanke wuta, datse ɗaki da kwaɗo, ko turo samari su watso kaya waje, duk suna mayar da mai gaskiya mai laifi, har kotu ta sa ki biya diyya ga mutumin da kike bi bashi. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne karɓar kuɗin haya. Lauya ne zai rubuta notis, domin kuskuren kwanan wata kaɗai yana iya jawo doguwar jayayya a kotu. Kafin duk wannan, ki gwada zauren mai unguwa. Na ga mutane da yawa sun tashi cikin mutunci saboda an yafe musu wata biyu an ba su lokacin neman wani wuri, abin da ya fi shari'ar shekara guda araha nesa ba kusa ba.

A rubuta

Mutanenmu suna jin nauyin takarda, kamar neman sa hannu zargi ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma a tsakanin muminai aka yi umarnin. Haya ma a fiƙihu ba ta inganta sai an san kuɗin an san muddar. Don haka idan lokacin sabuntawa ya zo, kowa ya sa hannu a yarjejeniya, tsoho da sabo.

Ba sai ta yi shafi goma ba. Ta faɗi cikakken sunan ɗan haya da lambarsa ta NIN da wurin aikinsa ko kasuwarsa, da sunan wanda ya tsaya masa. Ta faɗi ranar shiga da ranar ƙarewa, da cewa hayar ta shekara ɗaya ce tak, sai an sake sabuwa. Wannan jimla tana da amfani ƙwarai, domin hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa tana ƙarewa da kanta, ba ta buƙatar notis ɗin wata shida, na kwana bakwai ya wadatar. Ta faɗi mutum nawa za su zauna, ta hana shi saka wani a madadinsa ko mayar da ɗaki shago ko sito ba da izininki ba. Ta raba gyara: rufi, bango, sokawe, babbar wayar wuta da bututun cikin ƙasa naki ne, ƙwan fitila, kan famfo, makulli da gilashin da yaro ya fasa nasa ne. Ta kuma ce duk gyaran da zai nemi a cire masa a haya sai ya sanar da ke kafin ya taɓa. Rashin wannan sharaɗi ɗaya ya ɓata zumunci tsakanin masu gida da 'yan haya fiye da yadda za ki zata. Mutum zai sa tayil da silin na zamani don jin daɗinsa, ƙarshen shekara ya kawo miki lissafin da ya cinye hayar.

Ranar da mutum zai shiga, ku zagaya tare, a ɗauki hoton kowane ɗaki da waya, a tura masa ta WhatsApp domin kwanan watan ya zauna. Kuɗi kuma ta banki, a asusun da kika ware wa gidan shi kaɗai, kowane biya da rasit. 'Yan hayarki masu albashi ma za su nemi rasit ɗin, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya a shekara, iyakarsa Naira dubu 500, daga kuɗin da ake yanka masa haraji a kai.

Wuta, ruwa da rufi

A gidan da mutane huɗu suke, wutar lantarki ce uwar rigima. Ki karɓi lambar mita ko lambar asusun gidan, ki je ofishin kamfanin rarraba wuta, KEDCO, na yankin ki tambayi ko akwai bashi. A ƙa'ida bashin na wanda ya sha wutar ne, amma a aikace yana maƙale da asusun gidan, wanda yake ciki shi ake yanke wa. In akwai, mai sayarwar ya biya yanzu, sannan a mayar da asusun sunanki. Idan mita ɗaya ce ga gidan duka, ki sa a ranki cewa kowane ɓangare sai ya samu tasa mai kati, ko da ɗaya bayan ɗaya ne. Muddin ana karo-karo, mai firiza da hita da mai ƙwan fitila biyu ba za su daina faɗa ba, kuma ƙarar gabanki za ta zo. Ki kawo mai gyaran wuta ya duba ko wani ya yi satar layi ta bayan mita, domin in aka kama, gidanki za a ambata.

Ruwa ma haka. In na hukumar ruwa ne, a duba bashi. In rijiyar burtsatse ce, a rubuta wanda zai riƙa kunna inji, yadda za a raba kuɗin wuta, da wanda zai biya idan injin ya ƙone. Ki tambayi yaushe aka kwashe sokawe na ƙarshe, ki kuma duba nisansa da rijiya.

Rufi kuwa ba ya jira. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafinta ya hau ya duba kwano da indararo tun a watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwan Agusta ya sauko. Tabon ruwa a silin, fentin da ya kumbura a gindin bango, da tsagar da ta bi kusurwar taga, duk magana suke yi. Idan tsagar tana da faɗi ko tana ƙaruwa, injiniyan gini za ki kira, kada ki bari birkila ya shafe ta da siminti a ce an gama. Ki tambayi maƙwabta inda ruwan layin yake bi da damina, su ne za su gaya miki ko yana shiga gidan. Kuma ki nemi bayanin inshorar gobara. Idan zuciyarki ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan. Gobarar da hita ɗaya za ta tayar cikin sanyin hunturu tana iya cinye aikin shekara talatin da biyar.

Lissafin da ba a so a ji

Idan ɓangarori huɗun duk suna biyan dubu 250, gidan yana kawo Naira miliyan 1 a shekara. A kan miliyan 28, hakan bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, tun kafin a cire gyara da haraji da watannin da wani ɓangare zai zauna babu kowa. Ban faɗi haka don in sa ki nadama ba. Ribar gida a Kano mafi yawanta a tashin darajarsa take, kuma ya tsare miki kuɗin da da a banki suke da hauhawar farashi ta lashe su. Amma kada ki ɗauke shi albashin da ya maye gurbin wanda kika bari.

Shawarata, wadda na san tana da ɗaci: hayar shekarar farko ta gidan ce. Da ita za ki yi takardu, ki gyara rufi, ki sa mita. Daga shekara ta biyu, ki riƙa barin aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a asusun gidan, kada ki taɓa shi don biki ko suna. Kuɗin shekara da yake zuwa a dunƙule yana da ruɗi, yana shigowa kamar kyauta, ya ƙare cikin wata biyu, sai sokawe ya rufta a wata na bakwai babu abin gyara. Abin da ya rage ki raba shi gida goma sha biyu, ki riƙa cirar na wata-wata.

Kuɗin haya yana cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji, don haka ki leƙa hukumar tara haraji ta jiha ki ji matsayinki, ki kuma riƙa biyan harajin ƙasa duk shekara kada ya taru. Ta fuskar zakka, gidan da aka saya don haya ba a fitar wa ginin kansa zakka. Kuɗin hayar ne, idan ya kai nisabi shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinki, ya kuma shekara a hannunki, ake fitar da ɗaya cikin arba'in. Yadda za ki ƙirga shekarar tare da sauran dukiyarki, wannan ki zauna da malaminki.

Game da mai kula da gida, ɓangare huɗu a garin da kike zaune bai fi ƙarfinki ba. In kin ga zirga-zirgar za ta yi miki yawa, ko ba kya son yin ciniki da maza kai tsaye, ki wakilta wani, amma kuɗi ya riƙa faɗawa asusunki, shi kuma ki biya shi ladansa. Na sha karɓar gidajen da wakili ya shekara biyu yana cewa 'yan haya ba su biya ba, alhali rasit ɗinsu yana hannunsu. Ko wa kika sa, ki riƙa zuwa da ƙafarki duk bayan wata uku, kuma kowane ɗan haya ya san lambar wayarki.

Ɗan yayarki

Wannan ce tambayar da ta fi wuya, domin babu dokar da za ta amsa miki ita. Ɗanki ne, aure zai yi, taimakonsa lada ne. Abin da na gani dai shi ne, ba kyauta ce take ɓata zumunci ba, ba kuma haya ba ce. Abin da yake ɓata shi shi ne a shiga ba a faɗi ko wanne ne ba. Ke kina ganin zai fara biya idan ya samu sarari, shi yana ganin gidan innarsa ne, yayarki kuma tana ganin an riga an ba shi. Bayan shekara uku kina buƙatar kuɗin magani, ba ki iya tambaya, ba ki iya fitar da shi da mata da jariri, sauran 'yan hayar kuma sun fara jinkiri suna cewa ai wancan ma ba ya biya.

Ki zauna ke kaɗai ki fara yanke wa kanki hukunci: za ki iya rayuwa babu wannan dubu 250 ɗin, wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da gidan yake kawowa? In za ki iya, kuma zuciyarki ta ba ki, ki ba shi aro na wa'adi sananne, shekara ɗaya ko biyu, a faɗa a gaban mahaifiyarsa da wani babba a dangi, a rubuta cewa aro ne, ranar kaza zai ƙare, daga nan ko ya fara biya ko ya nemi wuri. Rubutun yana kare shi, yana kuma kare 'ya'yanki, domin bayan ranki kada a wayi gari ana jayayya ko kyauta kika ba shi. Wuta da ruwa da kwasar shara kuwa ya biya kamar kowa tun daga watan farko.

In kuwa ba za ki iya ba, to akwai hanyar da na fi so, na kuma ga ta yi aiki a gidaje da dama. Ki ba wani bare hayar ɓangaren a kan farashinsa, ki ɗauki abin da kika ga za ki iya daga ciki, dubu 100 ko fiye, ki damƙa wa yaron a matsayin gudummawar aure, ya haɗa ya kama haya a wani wuri. Kin taimaka, an gani, an gode, kuma ranar da kuɗinsa ya ƙare ba ke ce za ki ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Ki je gidan yayarki da kanki ki gaya mata, kafin maganar ta riga ki isa ta bakin wani.